Yaran da ke jiranka ran Talata

Ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, can hayin kogi a Harobanda, ranarsa kan ƙare tsakanin ɗakin lacca, layin abinci da zaman fada ana zagayen shayi. Da yawa sai su kwanta suna jin kamar ba su taɓuka komai ba. Abin da ke kawar da wannan jin shi ne aikin da wani yake jiranka a kansa a rana sananniya, kuma mafi sauƙin kamawa a Yamai shi ne koyar da yaran unguwa masu shirin BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji.

A fara da mutum uku ko huɗu masu kishin abin. Ƙungiyoyi da yawa a ranar farko suke mutuwa, saboda an fara da zaɓen shugaba da ma'aji da sakatare, aka ɓata kan muƙami tun ba a ga yaro ko ɗaya ba. A raba darussa kawai: wannan lissafi, wannan Faransanci, wannan kimiyya. Kowane darasi ya samu mutum na biyu da zai tsaya in mai shi ya yi rashin lafiya ko jarrabawarsa ta matso.

Wuri kuwa, a je wajen daraktan makarantar unguwa a nemi aji ɗaya bayan an tashi, a kuma gaida mai unguwa a sanar da shi. Yara goma sun isa. In suka haura ashirin, an koma irin ajin da suka fito, mai rauni ya ɓuya a baya. Sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi, tsakanin La'asar da Magariba. Wannan lokacin yana da dalili: iyaye ba sa barin ƴaƴa mata su fita bayan duhu, ga ɗauke wuta, ga zafin Afrilu da Mayu da ba ya barin kowa ya fahimci komai da rana tsaka.

Ranar farko kada a koyar da komai. A yi musu gajeriyar shifta ta layi biyar da lissafi biyar, a duba a gida. Nan ake gano cewa yaron da ake cewa bai iya lissafi ba, sau da yawa tambayar ce bai gane ba, don Faransancin ya yi masa nauyi. Ka karanta masa ita, ka fassara da Hausa ko Zabarmanci, sai ka ga ya sunkuya kan littafi, bakinsa na motsi, ya fito da amsa da kansa. Daga nan a mayar da shi ga Faransancin, tunda da shi za a yi jarrabawar. Ɗaliban jami'a sukan yi kuskuren zuba bayani kamar a lacca. Alli ya fi daɗewa a hannun yaro a gaban allo fiye da hannunka.

Maganar kuɗi tana da hatsari. In za a karɓi dala ashirin-ashirin don alli da kwafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, a rubuta a littafi ɗaya da kowa zai iya buɗewa, shiga da fita.

Sai naka karatun. Kowane zango a jami'a yana da kiredi 30, wato ma'aunin darussan da sai ka ci, kuma ba za su jira ka ba, don haka mako biyu kafin jarrabawarka ka miƙa ajin ga na biyunka, ka faɗa wa yaran ranar da za ka dawo, ka kuma dawo a ranar. Yaron da ya zo sau biyu ya tarar da ƙofa a rufe ba ya zuwa na uku, kuma shawo kansa sai an bi shi har gida an zauna da mahaifinsa.