Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Muka Buɗe Injin Motar Kawu

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya ne inda muka jawo motar Kawu daga bayan gidansa na Jega zuwa gidana a Birnin Kebbi, bisa tayoyin aro, ɗaure a bayan a-kori-kura. Yau maganar inji za mu shiga, domin a nan ne aikin ya kusa watsewa tun kafin a ɗauki sufana.

Wasu sun tambaye ni ainihin motar. Datsun 280ZX ce, ƙirar kamfanin Nissan na Japan, wadda aka yi daga 1978 zuwa 1983, magajiyar 240Z da ta fito a 1969. Ƙofa biyu gare ta, dogon hanci, gajeren baya, kuma idan ka zauna ciki sai ka ji kamar a ƙasa kake. Kawu ya saye ta zamanin Shagari, yana aikin gwamnati a Sakkwato, lokacin ko mafarkin jihar Kebbi ba mu yi ba, tunda sai 1991 aka yanke mu. Injinta silinda shida ne a jere, wanda ake kira L28, mai girman cc 2,753. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kan kuma, wato abin da kanikawa ke cewa top, na alminiyon ne. Ku riƙe wannan bambanci, zai dawo mana a gaba.

Da motar ta kwana a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro, shawara ta fara zuwa daga ko'ina, kuma duk bakinsu ɗaya. A cire injin a sayar wa 'yan gwangwan, a ɗora na Toyota ɗan Kwatano, a yi walda a daidaita mazauninsa, cikin mako biyu mota na kan titi. Wani matashin bakanike da nake ganin girman aikinsa ya zauna ya lissafa mini, kuma ban ga ƙarya a lissafinsa ba. Kayan Toyota ko a ƙauye za ka samu, man da take sha kaɗan ne, kowane gareji ya san ta. Da motar haya nake nema, da a ranar zan ce ya kawo kayan aiki.

Abin da ya hana ni shi ne idon Kawu. Shekaru sun ja, ganinsa ya yi rauni ƙwarai, har sai ka yi magana yake gane ka. Duk fentin da zan yi wa motar nan, duk kujerun da zan ɗinka, ba zai gani ba. Abin da ya rage masa kunne ne. Mu da muka tashi a gidan kakanninmu mun san ƙarar wannan inji tun tana kwanar shigowa unguwa, wata irin murya mai kauri da santsi da babu motar da ke da ita a garin. A cikinta ya ɗauke ni zuwa bikin kamun kifi na Argungu ina yaro, ina naɗe a bayan kujera, kuma abin da na fi riƙewa daga tafiyar ba kifin Matan Fada ba ne, yadda injin ke buɗe murya ne idan ya sa giya ta uku. Idan na kai masa motar da injin Toyota a cikinta, zai shafa jikinta ya sa mini albarka, amma ni da shi duk mun san ba ita ba ce.

Maƙwabcina ne ya ce in nemi wani dattijo a Makerar Gandu, wanda ya yi kanikanci tun ana yayin tasi ƙirar Datsun. Yanzu ba ya zuwa gareji, domin motocin zamani sai an jona musu kwamfuta, hannunsa kuma ya fara rawa. Baba kawai kowa ke ce masa. Na ɗauko shi a bayan mashin bayan La'asar. Da na ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya sa bakin rigarsa ya goge ƙurar da ke kan murfin bawul.

"Ɗana, wa ya ce maka a yar da wanga inji?"

Na ce, "Baba, kowa ma. Sun ce babu kayansa."

Ya ce, "Ba su sani ba na. Injin ga shi anka sa ma Patrol ta da, shi anka sa ma Laurel. In ka ce masu kayan motar tsere kaka nema, za su ce babu. Ka ce masu na Patrol mai fetur."

Wannan magana ita ta buɗe mini hanya, kuma daga baya na tabbatar da ita. Nissan ta yi amfani da L28 a Patrol ta farkon shekarun 1980, da Laurel, da Cedric wadda aka sayar da sunan Datsun 280C. Bambancin da ya fi girma shi ne na Patrol kafireta gare shi, na motar Kawu kuwa injekta ne. Amma gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin top da gangar inji, da famfon ruwa, da sarƙar taimin, dangi ɗaya ne. Ilimin nan yana kan mutane irin Baba ne kawai, kuma abin na damuna ganin yadda ba mai zuwa ya zauna kusa da su ya kwasa.

Matsalar farko, injin ya kafe. Mun sa doguwar sufana a kan babban notin gaba, mun ƙara mata bututu, ko motsi. Baba ya hana a matsa da ƙarfi, ya ce ringi zai karye a ciki. Muka cire fulogi shida, ya jera su a ƙasa yadda suka fito. Biyar baƙi ne da busasshen hayaƙi, na biyar a jeri kuwa ja ne jawur da tsatsa. Ya ɗaga shi ya nuna mini, ya ce ruwa ya kwana a wannan ɗaki. Muka zuba gas gauraye da man giya ta kowane rami, muka toshe da tsumma, muka bar shi. Kullum bayan Asuba, kafin in tafi makaranta, sai in taɓa sufanar, gaba kaɗan, baya kaɗan. An ɗauki kwanaki a haka. Ranar da ya saki, wani ɗan ƙas na ji, sai sufanar ta tafi da hannuna a hankali, man da muka zuba ya fantsamo ta ramin fulogi har kan rigata. Na yi hamdala a fili, har uwargida ta leƙo daga zaure tana tambaya ko lafiya.

Daga nan sai cire top, kuma a nan na ga aikin da ba zan manta ba. Wannan inji ba bel yake amfani da shi ba, sarƙa ce ke haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama. Can ƙasa cikin murfin gaba akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ke danne sarƙar kada ta yi sako-sako. Idan ka kwance faifan haƙoran sama haka kawai, sarƙar za ta saki, ɗan ƙarfen ya yi tsalle ya fito daga gidansa, kuma ba ka da hanyar mayar da shi sai ka kwance lagireto, da fanka, da fulin gaba, da murfin gaba ɗungurungum. Aikin yini ya zama na mako.

Baba bai ce in sayo komai ba. Ya aiki ɗana wurin kafinta ya karɓo guntun katako mai tauri, ya zauna bisa tabarma da wuƙa yana feƙe shi, tsawonsa ya ɗara taki ɗaya, baki siriri, gindi da faɗi. Ya huda gindin ya zura igiyar guga, don a samu abin jawo shi idan an gama. Muka juya injin har fistin na ɗaya ya zo ƙololuwa, ya ɗiga farin fenti a kan sarƙar da faifan don kada alama ta ɓace. Sannan ya zura katakon tsakanin ɓangarori biyu na sarƙar, ya bubbuga shi da ƙotar sukudireba har ya zauna daram. Hannun nan da ke rawa idan ya ɗauki kofin shayi, da ya kama katakon ban ga ya girgiza ba. Ya ce, "To, yanzu kwance." Na kwance, faifan ya fito, sarƙar na nan tsaye inda take.

Kusoshin top goma sha huɗu ne, kuma ba a kwance su yadda aka ga dama. Daga gefe ake farawa a nufo tsakiya, kaɗan-kaɗan, ana zagayowa, don kada alminiyon ya murɗe. Akwai kuma wasu ƙanana guda biyu a can gaba da ke riƙe top da murfin sarƙa, sun ɓuya cikin daskararren baƙin mai. Baba ya ce masu gaggawa da yawa sun manta da su, sun sa ƙarfe sun ɓanɓara, sun fasa murfin. Mu biyu muka ɗaga top ɗin, ni da ƙanena, muka aza shi bisa benci. Bawul goma sha biyu da 'yan kayansu muka jera a kiret ɗin ƙwai, kowane a raminsa da lambarsa, domin kowane ya saba da mazauninsa.

Gaskit ya ƙone tsakanin silinda ta biyar da hanyar ruwa, daidai inda fulogin ya nuna. Bangon silindar yana da tabon tsatsa, amma da Baba ya bi shi da farce bai kama ba, ya ce gogewa za ta isa. Ramukan ruwa na top ɗin kuwa sun cinye, sun yi fari-fari kamar kanwa. Wannan aikin ruwan rijiya ne. Mu a nan lagireto ruwa kawai muke ɗura masa, ba ma sa maganin da ke hana tsatsa, alhali inda baƙin ƙarfe da alminiyon suka haɗu cikin ruwa ɗaya, alminiyon ne ke cinyewa. Ina roƙon duk mai mota da ke karanta wannan ya daina ganin ruwan kulan, wato ruwan lagireto mai maganin tsatsa, a matsayin ɓarnar kuɗi. Da ya kifa top ɗin ya aza miƙaƙƙiyar rular ƙarfe a fuskarsa, sai ga haske na ratsawa ta tsakiya. Iyakar lanƙwasar da Nissan ta yarda da ita milimita 0.1 ce, namu kuwa siririn ƙarfen awo ya shige har da saura. Dole a kai shi Sakkwato wurin masu injin gyaran ƙarfe su daidaita fuskar. Idan an rage masa kauri sarƙa kan ɗan saki, amma faifan sama yana da ramuka uku masu lamba 1, 2, 3, waɗanda aka yi don gyara taimin idan sarƙa ta miƙe.

Hunturu ne lokacin, ƙura na sauka dare da rana, ga inji a buɗe. Uwargida ce ta kawo tsohon zanenta da ledar shimfiɗa, muka shafe silindodin da baƙin mai muka naɗe. A daren ne ta yi mini maganar da ta daɗe tana juyawa. Ta ce, "Malam, ban hana ka ba, na san don wa kake yi. Amma shinkafar fadama na jiran ruwa." Gaskiya ta faɗa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, injin ban-ruwa ya zama shi ne babban mai cin kuɗin noman rani, kuma daga wannan gona muke ci. Muka yi yarjejeniya a kan cewa kuɗin gona da na makarantar yara ba za su taɓa shiga motar ba, sai abin da na samu daga darasin yamma. Shi ya sa aikin ya ja lokaci, ga masu tambaya.

Kayan kuwa, a Ƙofar Ruwa ta Kano aka same su. Na tura hoton tsohon gaskit ta WhatsApp, na ce na Patrol mai fetur, silinda shida, aka sa a motar haya na karɓa a tasha. Na farkon da wani ya aiko, Baba na riƙe shi ya lanƙwasa gefensa ya ce kwali ne aka shafa wa fenti, ba zai kai Kalgo ba. Sai da muka mayar, wani mai shagon ya tono mana tsohon ajiya ɗan Japan, ledarsa har ta yi ja.

Ranar Juma'a na tafi Jega na zauna kusa da Kawu na ba shi labari tun daga fulogi har katako. Da na zo kan lanƙwasar top, sai ya yi shiru, can ya ce ya san ranar. Yana dawowa daga Yawuri da tsakar bazara bel ɗin fanka ya tsinke, allura ta hau ja, ya tsaya kusa da Koko ya karɓi ruwan randa mai sanyi ya ɗura mata tana tafasa. Tun daga ranar take shan ruwa tana farin hayaƙi, har ya gaji ya jingine ta. Ya tambaye ni ko injekta ɗin na nan, na ce yana nan, sai dai ɓeraye sun cinye wayoyinsa, kuma mai rewaya ya ce a cire a sa kafireta. Ya ce kada in yarda tukuna. Ya kira Inna ya ce ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, littafin da motar ta zo da shi yana ciki, tare da wata takarda mai zanen wayoyi da wani bakanike ya ba shi a Kaduna.

Abin da muka tarar a akwatin, da yadda muka kwashe da mai rewaya, shi ne kashi na 15. Mu haɗu mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.