Zaman sulhu a Kudancin Kaduna: da wane harshe za a yi magana?

Masu shirya zaman sulhu a Kudancin Kaduna sukan yi saurin cewa ai kowa na jin Hausa. Gaskiya ne da ita ake ciniki a kasuwar Kafanchan da ta Zonkwa, da ita kuma ake wa'azi a majami'u da dama. Amma Hausar ciniki daban, Hausar da mutum zai kare haƙƙinsa da ita daban. Dattijuwar ƙabilar Atyap da aka ƙona wa rumbu, da harshenta na Tyap take iya amayar da abin da ke cikinta. Ardo kuwa da Fulfulde ya fi iya fayyace inda burtali ya bi. Kuma tun rikicin Zangon Kataf na 1992, Hausa ba 'yar ba-ruwanmu ba ce a yankin, domin harshen ɗaya daga cikin ɓangarorin ne.

Yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan ta watan Maris na 2016 ta haɗa al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi 5: Jema'a, Kachia, Kaura, Sanga da Zangon Kataf. Zama irin wannan ba ya yiwuwa sai an tsara maganar harshe tun kafin a jera kujeru.

Kafin ranar zama, a tambayi kowane ɓangare da wane harshe yake so ya yi magana, kuma da wane suna yake so a kira shi. Bajju ba sa son a ce musu Kaje, haka Atyap sun fi son sunansu a kan Kataf. Shugaban zama da ya kuskure wannan a jawabin buɗewa ya rasa rabin zauren.

Sai tafinta, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Yawanci akan ɗauko wani malamin makaranta da safiyar ranar, a ce ya taimaka. Kowane harshe na buƙatar tafinta 2, kowane ɓangare ya kawo wanda ya amince da shi: ɗaya na fassara, ɗaya na saurare yana da ikon ɗaga hannu in an karkace. Su riƙa canji duk bayan minti 30, don gajiya na sa tafinta ya fara taƙaitawa ba tare da ya sani ba. Mai magana ya tsaya bayan jimla 2 ko 3. Tafinta ya faɗi maganar da bakin mai ita, ya ce "an cinye mini gona", kada ya ce "wai yana cewa an cinye masa gona", saboda wannan "wai" ɗin na zuba shakka a kan shaida.

Babban laifin tafinta mai kyakkyawar zuciya shi ne sassauta magana mai zafi don kada a yi faɗa. Niyyar kirki ce, amma ɓarna ce. Wanda aka yi wa ƙorafi ya tashi yana ganin abin bai kai ya kawo ba, mai ƙorafin kuma ya ga ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Kwantar da hankalin zaure aikin shugaban zama ne.

Fassara na ninka lokaci. Zaman awa 3 zai ci awa 6, in harsuna 3 ne ya wuce haka. In ba a yi wannan lissafi ba, mata da matasa, waɗanda ake bari sai ƙarshe, su ake yanke wa magana idan magariba ta kawo kai.

Takardar yarjejeniya kusan kullum da Turanci ake rubuta ta, alhali waɗanda za su yi aiki da ita a gona da ruga ba sa karanta shi. A fassara kowane sharaɗi, a sa wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci, a gwada biyun. A fi sa ido kan faɗin burtali, watan da shanu za su shiga gona bayan girbi, da wanda zai ƙiyasta ɓarna. A karanta ta a bainar jama'a da kowane harshe kafin sa hannu, a naɗi muryar, a tura ta WhatsApp ga masu unguwanni da ardo-ardo, a kuma kai ta gidan rediyo a maimaita ta kafin damina ta faɗi.