Kafin ka ce na'urori biyu daidai suke, tsaya ka san wane daidai

Ƙannena masu karatun kimiyyar kwamfuta, musamman waɗanda suka fara leƙa ɓangaren kwantam, wato lissafin da ke bin ƙa'idojin kimiyyar ƙananan ƙwayoyin zarra, akwai kuskuren da ya cinye mini wata huɗu lokacin da nake digiri na biyu. Ba na so ya cinye muku ko mako ɗaya.

Aikina shi ne in rubuta manhajar da za a ba ta otomata biyu na kwantam, ta faɗi ko daidai suke. Otomata ƙaramar na'ura ce da ake zanawa a takarda: tana da yanayi ƙidayayyu, tana karanta kalma harafi bayan harafi, a ƙarshe ta karɓa ko ta ƙi. Irin wadda Moore da Crutchfield suka bayyana a 2000 ba ta cewa e ko a'a kai tsaye. Kowane harafi yana juya yanayinta, sai kalma ta ƙare a yi awo sau ɗaya, abin da ke fitowa kuma yiwuwa ce, lamba tsakanin 0 da 1.

A nan na yi tuntuɓe. Ɗauki ɗalibai biyu. Cewa sun sami maki iri ɗaya a kowace jarabawa magana ce daban, cewa jarabawar da wannan ya ci ita wancan ya ci magana ce daban. Haka na'urorin nan suke. Tambaya ta farko: ko suna ba da yiwuwa iri ɗaya a kowace kalma? Ta biyu: idan aka sa haddi, aka ce duk kalmar da yiwuwarta ta kai haddin an karɓe ta, ko kalmomin da suke karɓa ɗaya ne? Ni ta biyun na kama, don a ganina ta fi sauƙi tunda e ko a'a kawai take nema. Ban tambayi kowa ba, na duƙufa.

Ashe ita ce ba ta da hanya. Tun 1971 Azaria Paz ya nuna cewa a otomata masu yiwuwa, wato waɗanda ba na kwantam ba amma su ma yiwuwa suke bayarwa, waɗanda Michael Rabin ya gabatar a 1963, babu tsarin lissafin da zai iya faɗa, a kowane hali, ko akwai kalma ko guda ɗaya da ta haye haddi. A 2005 Blondel da Jeandel da Koiran da Portier suka duba na kwantam, suka gano abin da har yau yake ba ni mamaki: idan sharaɗin shi ne yiwuwa ta wuce haddi, ana iya yanke hukunci, idan kuwa ta kai ko ta wuce ne, ba a iyawa. Kalmar “kai” kaɗai ta raba mai yiwuwa da marar yiwuwa. Ni kuma da ita na rubuta sharaɗina. Da manhajata za ta yi aiki, da sai a kwatanta kowace na'ura da wadda ba ta karɓar komai, a gane ko akwai kalmar da take karɓa, a warware abin da aka riga aka tabbatar ba ya warwaruwa. Ranar da malamina ya nuna mini wannan a kan allo, layi uku ya rubuta. Da na je masa tun makon farko, da layi ukun nan zai rubuta.

Don haka kafin ku taɓa kwamfuta, ku rubuta ma'anar “daidai” ɗinku a jimla ɗaya, da alamominta, ku kai wa wanda ya fi ku sani. Sannan ku bincika ko an riga an rufe ƙofar da kuke shirin turawa.

Da na koma tambaya ta farko sai na ga hanya a buɗe, amma na sake wani kuskuren. Na koyi cewa na'urar kwantam mai yanayi n ana iya mayar da ita lissafin jadawali mai faɗin n sau n, kuma na'urori biyu idan suka dace a duk kalmomin da tsawonsu bai kai jimillar faɗinsu ba, to sun dace har abada. Murna ta sa na ce bari in gwada kalmomin duka. Masu yanayi uku-uku da haruffa biyu, faɗin kowace uku sau uku ne, wato 9, jimilla 18, sai tsawon ya tsaya a 17, kalmomi 262,143, kwamfutata ta gama. Da na hau biyar-biyar tsawon ya zama 49, kalmomin suka haura tiriliyan dubu. Babu wanda zai jira wannan.

Maganin yana nan tun 1992, a aikin Wen-Guey Tzeng kan otomata masu yiwuwa. Kowace kalma tana haifar da jerin lambobi. Idan jerin sabuwar kalma ana iya haɗo shi daga waɗanda ka riga ka ajiye, to ba ta kawo sabon labari ba, ita da duk abin da za a ɗora a kanta, sai ka yar da reshen gaba ɗaya. A misalin biyar-biyar ɗin nan, abin da za ka ajiye ba zai wuce jeri 50 ba. Darasin aljabara na shekara ta biyu da nake yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne ya cece ni. Ku riƙe shi da kyau.

Abu na ƙarshe, lambobi masu ɗigo. Kwamfuta ba ta riƙe ɗaya bisa tushen biyu daidai, gutsure shi take yi, shi ya sa manhajata ta taɓa raba na'urori biyu da na san ɗaya ne saboda bambancin da ya fito a can gurbi na goma sha shida. Na koma gina misalaina da kashi irin 3/5 da 4/5, ina ajiye na sama da na ƙasa a matsayin cikakkun lambobi. Daga ranar, idan manhajar ta ce na'urori biyu sun bambanta, tana miƙo mini kalmar da suka saɓa a kanta, in ɗauki biro in lissafa da hannuna in gani.