Marin da na yi wa auta a kan man da rana ta sha

Shekarun da nake bumburutu a bakin titin Pantami, nan Gombe, na taɓa zabga wa autanmu mari saboda fetur. Har yau in na tuna kunya nake ji, shi ya sa nake so ku ƙannena masu tasowa ku ji yadda aka yi.

Bazara ce, wajen watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe kan kai digiri 40. Jarkokina uku na jere a rana tun safe don masu babur su hango. Murfin ɗaya ya tsage, na cusa leda da tsumma na ce ya wadatar. Kullum da yamma in na auna da kwalba sai lissafi ya ƙi fita. Auta ke tsare min wuri in na tafi sallah, don haka ban tsaya dogon tunani ba. Yana dafe da kumatu yana cewa, "Wallahi Yaya ban taɓa ba," sai wani dattijo bakanike da ke gefenmu ya taso, ya ja ni gaban jarkar.

"Duƙa ka dubi bakinta ta wajen haske, yaro."

Na duƙa. Iskar da ke saman bakin jarkar tana rawa, irin yadda kwalta ke yi da tsakar rana. Ya ce, "To ga ɓarawonka nan yana fita."

Daga baya na gane abin. Duk wani abu mai ruwa-ruwa ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kullum cikin motsi suna gogar juna. Na saman nan, duk wadda ta samu ƙarfi sai ta ɓalle ta bi iska. Da na ɗauka sai ruwa ya tafasa a digiri 100 yake zama tururi, ashe ko na cikin kwano a inuwa yana tafiya a hankali. Ƙwayoyin fetur ba su riƙe juna da ƙarfi kamar na ruwa ba, har akwai sashensa da ke tafasa tun kafin digiri 40. Shi ya sa in ya ɗiga a hannu yake ɓacewa nan take ya bar sanyi, man gyaɗa kuwa sai ka sa sabulu. Mai sayar da fetur, ko turare, ko tina ta fenti, ya nemi murfi mai kamawa, ya ajiye kaya a inuwa, kada kuma ya cika jarka fal, don man kan faɗaɗa in ya ji zafi ya kumbura ta. Kuma kada ku kunna ashana kusa wai ai da tazara: tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya tarar da wuta.

Ba zafi kaɗai ke yin aikin ba. Ku lura da shanya. A hunturu ana rawar ɗari, amma kafin azahar wanki ya bushe ƙayau, leɓe da dunduniya suna tsagewa, domin iskar Sahara busasshiya ce, ƙishirwa take ji. A watan Agusta iska ta ƙoshi da danshi, sai riga ta kwana biyu a igiya tana tsami. Faɗin wuri ma na da tasiri, don haka ake baza riga ba a dunƙule ta, haka kuma faffaɗan ruwa irin na madatsar Dadin Kowa ke ba iska rabonta kowace rana.

Wautata ta biyu ta fi ban dariya. Da na fahimci iska na sata, sai na zama malamin gida. Na ga randar Inna tana naso, gindinta kullum a jiƙe, na ce ai asara ce. Tana unguwa na samo ragowar fentin mai na shafe bayan randar tas. Nason ya tsaya, amma washegari Inna ta ɗebo da moɗa ta kurɓa, ta furzar. Ruwan ɗumi sulum, ga warin fenti. Ashe nason nan shi ne firjin. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, kuma ba kaɗan ba: zafin da ake bukata a mai da tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau 5 wanda ake bukata a kai shi tafasa daga sanyin ƙanƙara. Ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ne da zafin ruwan ciki, kamar yadda zufa ke yi mana. Da wannan dabarar wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ni kuwa toshe ta na yi da fenti.

Ribar bumburutun mako guda ta tafi wajen sabuwar randa. Tsohuwar tana nan a bayan ɗaki, gero ake zubawa. Auta yanzu da 'ya'yansa uku, amma duk sallah in muka haɗu a gida sai ya shafa kumatu ya tambaye ni ko an kama ɓarawon.