Metal ɗin inji ba ya mutuwa rana ɗaya

Ni a Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, na koyi aikin fita, wato makanikanci, yanzu ina da ɗan shagona a Aboabo da yara uku, aikinmu injinan dizal ne na girke, janareto da injin niƙa da na jan ruwa, Perkins da tsofaffin Lister da 'yan Indiya masu kama da su. Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, wajen 2015, ko barci ba ma samu, yanzu kuma yawancin kiran daga ƙauyuka ne inda wuta bata kai ba.

Abin da yafi cina rai a sana'ar nan shine metal, wato beyarin da kiranshaf, babban shaf ɗin inji, ke juyawa a kai, akwai men metal akwai na konrod. Wallahi inji yana faɗa tun da wuri, mutane ne basa ji. In naje wajen inji bana taɓa sifana sai na bari yayi zafi sosai, dan da sanyi baƙin mai yana da kauri yana rufa masa asiri. In yayi zafi kaga allurar fireshan mai tana saukowa to akwai magana. Sai in ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin bulok, ƙotar a kunnena. Men metal ƙararsa daga ƙasa take, dum dum mai nauyi, tana ƙaruwa in an ɗora lodi, na konrod kuwa ƙwas ƙwas yake, kuma in ka sassauta bututun injekta ɗaya bayan ɗaya, silindar da ƙarar ta lafa a kanta nan ciwon yake.

Bayan nan mu yanka filtar mai mu baje takardar a rana. Watan jiya wani yarona yaga ƙyalli ja-ja ya ɗaga min yace Masta wannan fa? Nace kawo maganaɗisu, ya kanga, bai kama ba. Nace to jan ƙarfe ne, fatar saman metal ta cinye, da ya kama da mun ce shaf ko ring ne ke ci. Lister mai silinda ɗaya ma da yawansu ba gejin fireshan mai, sai dai ka kashe ka girgiza filawil kaji ko akwai wasa.

Mai injin da muka ga jan ƙarfe a filtarsa wani Alhaji ne mai ɗakin sanyin kifi, nace Alhaji a tsayar da shi yau a canza metal kawai, yace kifinsa zai lalace, wani ya bashi shawara ya zuba mai mai kauri. Ƙarar ta ragu kam, kwana tara metal ya kama shaf. Sai da muka kai Magazin aka goge shaf aka rage milimita 0.25 muka nemo metal daidai shi, sati guda inji na kwance, kifin ma ya tafi. Naji zafin abin sosai dan mutumin kirki ne. Yanzu duk injin da na gyara ina rubuta awa a jikinsa da fenti, in ya cika 250 a juye mai a canza filta, lokacin hunturu kuma a dinga duba filtar iska saboda ƙura.