Tuwon zafi da miyar ayoyo: a rage gishiri da mai, daɗi na nan

A Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi, kowa ya san mai shan maganin hawan jini, in ba a gidansu ba to a maƙwabta. Da likita ya ce a gyara cin abinci, sai hankali ya tashi, a ɗauka za a bar tuwo a koma kayan kanti masu tsada. Abin bai kai nan ba. Tuwon zafi da ayoyo abinci ne mai kyau. Hannun da ke zuba gishiri da mai shi ke buƙatar gyara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ba tsororo. To uwargida, yi lissafin tukunyar mutum shida. Ƙaramin dunƙulen ɗanɗano giram 4 ne, kusan rabinsa gishiri. Kin marmasa huɗu, giram 8 ke nan. Kin ƙara babban cokalin gishiri, ya haura giram 15. Kowa ya tashi da kusan giram 4 a zama ɗaya, ba a ma lissafa koobi (busasshen kifin gishiri) da momoni (kifin da aka tsima da gishiri) da shito (soyayyen yaji mai mai) ba, balle kanwa, wadda ita ma sinadarin sodiyam irin na gishiri ne a cikinta.

Ki fara da ayoyo. Ɗauri uku manya sun ishi mutum shida. Ki tsinke ganyen, ki wanke shi tun kafin ki yanka, don in kin wanke bayan yanka yauƙin zai bi ruwan wanki. Ki ɗora ruwa kofi biyu kacal da dakakkiyar daddawa babban cokali ɗaya, garin busasshen kifi amani cokali uku, da rabin albasa. Su tafasa minti goma kafin ganye ya shiga. Daddawa da kifin nan su ne za su tsaya a madadin dunƙule uku, saboda haka kada ki yi musu rowa. Amma ki ɗanɗana daddawar tukuna, wasu masu yi suna sa mata gishiri. Kanwa kuwa, girman ƙwayar wake ta isa, ki jiƙa ki tace. Ki zuba ganye, ki bar tukunya a buɗe minti biyar zuwa bakwai, ki burge da maburgi, ki sauke.

Yawancin ɓacin miyar daga rufe tukunya yake: ta yi bori, koren ya dushe. Ruwa ya yi yawa, yauƙi ya tsinke. Kanwa ta yi yawa, ki ji baurin sabulu a harshe, ga shi tana lalata wasu bitamin na abincin. Kuma kada tumatir ya shiga tukunyar ganye, tsaminsa na mayar da ita ruwan ƙasa. A kwano za su haɗu.

Jar miyar da ake ɗorawa a kai, nan mai yake malala. Ana tsiyaya ludayi biyu wai don a kashe tsamin tumatir, alhali daɗewa a wuta ke kashe shi. Ki markaɗa tumatir takwas, albasa ɗaya, attarugu uku, ki dafa su ba mai, minti 20 zuwa 25, har ruwan ya ƙone ya yi kauri yana tsartuwa. Sannan ki soya wata albasar a mai babban cokali uku kan wuta kaɗan har ta yi laushi, ki juye markaɗen, ki sa citta da tafarnuwa da dunƙule ɗaya. Idan ya fara kamu, ki yayyafa romon nama, ba ƙarin mai ba. Kowane babban cokalin mai kalori kusan 120 ne, man gyaɗa ne ko manja. Koobi in za ki sa, ki jiƙa shi awa ɗaya, ki sauya ruwa sau biyu, kuma ranar babu ƙarin gishiri. Sauran ranaku gishiri mai aidin, rabin ƙaramin cokali, a ƙarshe bayan kin ɗanɗana.

Tuwon kansa ba ya son gishiri. Garin masara kofi biyu, na rogo ɗaya, in an samu gero ko dawa a maye rabin masarar da shi. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci, miyar ganye ta fi tuwon yawa a kwano.

Mun fi son a rage sannu a hankali. Wanda ya janye dunƙule huɗu rana ɗaya, maigida zai ce miya ta yi lami, yara su ture kwano, gobe a koma gidan jiya. Ki cire ɗaya wannan makon, wani ɗaya mako mai zuwa. Cikin 'yan makonni harshe ke sabawa. Mai shan maganin hawan jini ya ci gaba da shan abinsa yana zuwa awo. Mai ciwon ƙoda kuwa ya tambayi likitansa kafin ya ƙara yawan ganye ko ya sayi gishirin nan na fotasiyam da ake sayarwa a madadin na gida.