Abin da ya ɓoye min, ya faɗa wa wayarsa

Ranar wata Talata wani saurayi ya shigo ɗakin da nake duba marasa lafiya, yana dafe da ciki. Ba zai wuce shekara 23 ba. Na yi masa tambayar da nake yi wa kowa: "Ƙanena, kana shan giya?" Ya ce, "A'uzubillahi, Anti, ni kuwa?" Sai da ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya miƙo min wayarsa, kansa a sunkuye.

Ashe cikin dare ya buɗe manhajar hira, irin wadda kake rubuta mata tana ba ka amsa kamar mutum. Ta yi masa tambayoyin AUDIT guda 10, na auna haɗarin shan giyar mutum, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989. Sau nawa kake sha? Ka taɓa tashi da safe sai ka kurɓa kafin jiki ya saki? Ka taɓa wayar gari ba ka tuna abin da ka yi jiya ba? Makin yana tashi daga 0 zuwa 40, kuma wanda ya kai 8 ya shiga haɗari. Shi 17 ya samu.

Abin ya taɓa min zuciya. A wurinmu yaron da ake jin kunyar mahaifinsa a unguwa gara masa ya mutu da ciwonsa da ya furta wannan magana. Waya ba ta zaro ido, ba ta salati, ba ta san gidansu ba. Shi ya sa ya faɗa mata gaskiya.

Amma ina da damuwa. Ma'aunin tambayoyin giram 10 na barasa ne a kowane sha ɗaya. To ƙwaryar burukutu fa, nawa ce? 'Yar ledar da ake cusawa a aljihu fa? Yaron ƙiyasi kawai ya yi da ka, wataƙila makinsa ya fi haka. Kuma manhaja ba ta ga yadda hannunsa yake rawa ba lokacin da ya miƙo min wayar. Ni na gani. Wanda jikinsa ya saba da giya, in ya daina dare ɗaya, yana iya kamuwa da jijjiga har rai ya salwanta.

Na jawo masa kujera, na tura ƙofa, muka sake bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo ta ƙarshe, ko wani na gida ya taɓa nuna damuwa da shansa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Umma ta sani, Anti. Kuka kawai take yi."